'Yan ci-ranin ƙanƙara

A wannan mako zan ɗauke mu daga batun siyasa da tsadar rayuwa da muka saba tattaunawa, mu leƙa wata duniya mai sanyi da jaridunmu ba su cika waiwaya ba, wato duniyar wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko ƙanƙarar sanyaya ruwan sha sai mun jira an kawo wuta. A yi mini haƙuri a biyo ni a sannu, domin maganar da ke ciki ta ci-rani ce, ta mutumin da ya kai ƙololuwar sana'arsa, sannan ya tattara komatsansa ya bar fagen da kowa ke mafarkin shiga.

A ranar 11 ga Yulin 2013, wani ɗan Rasha mai suna Ilya Kovalchuk, yana da shekara 30 kuma da sauran ƙarfinsa, ya sanar da cewa ya bar gasar NHL ta Amurka da Kanada. Shekara uku kafin nan ya sa hannu a kwantiragin shekara 15 da ƙungiyar New Jersey Devils a kan Dala miliyan 100. A ranar da ya yi sallama, akwai sauran shekara 12 da Dala miliyan 77 suna jiran sa a takarda. Ya bar su a nan, bayan 'yan kwanaki sai ga shi sanye da rigar ƙungiyar SKA ta birnin St. Petersburg a ƙasarsu. Masu sharhi suka yi ta juya maganar, wasu suka ce kwaɗayi ne, wasu suka ce cin amana ne, wasu kuma suka ce kewar gida ce kawai. Kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma babu wanda ya kama ta duka.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ana yin sa ne a kan daskararren ruwa da aka kewaye da katanga. Mutum shida ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, yana sulɓi a guje, yana kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20. Doka ta yarda ka banke abokin karawarka ka haɗa shi da katanga, shi ya sa karaya da zubar haƙora da buguwar ƙwaƙwalwa suka zama ruwan dare. Babbar gasar wannan wasa a duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal na Kanada a 1917. A yau tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka, kuma kofinta, wanda ake kira kofin Stanley, shi ne burin duk yaron da ya taso yana sulɓi a kan ƙanƙara, daga Toronto har Helsinki.

Kada a ɗauka ba mu da ko ƙyalle a wannan kasuwa. Mutum na farko da aka haifa a Najeriya ya buga wasa a NHL shi ne Rumun Ndur, kuma a Zariya aka haife shi a 1975, kafin iyayensa su koma Kanada yana ƙarami. Ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a 1994, ya buga wasanni 69 a babbar gasar tsakanin Buffalo da New York da Atlanta, daga baya kuma ya bi sahun waɗanda nake magana a kansu, ya tsallaka Turai, har Ingila ya yi wasa. Akwai kuma Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, kuma yana cikin manyan da tarihin wasan ke tunawa da su.

A da, kogin nan wuri ɗaya yake gangarawa, daga gabas zuwa yamma, kuma masu bin sa da ransu suke caca. A watan Agustan 1980, wasu 'yan'uwa biyu daga Cekoslobakiya, Peter da Anton Stastny, suka je wasa a birnin Innsbruck na Ostiriya, suka sulale cikin dare tare da matar Peter mai tsohon ciki, suka nufi Kanada. Yayansu Marian, wanda suka bari a gida, shi ya sha ukuba a hannun hukuma kafin shi ma ya samu ya fice bayan shekara guda. A 1989, Alexander Mogilny ya ɓace daga tawagar Tarayyar Sobiyet a ƙasar Suwidin, ya ɓulla a Buffalo. Da yake ƙungiyar sojoji yake yi wa wasa, sai ƙasarsa ta ɗauke shi a matsayin sojan da ya gudu daga aiki. A wancan zamani, wanda ya ce maka wata rana gwani zai bar Amurka da ƙafarsa ya koma Rasha, sai ka ce masa ya je ya nemi magani.

Abu biyu ne suka juya akalar kogin. Na farko shi ne taƙaddamar 2004, lokacin da masu ƙungiyoyin NHL suka garƙame filaye, suka ce ba za a sake wasa ba sai 'yan wasa sun yarda a sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya. Aka ja daga har kakar wasa ta 2004 zuwa 2005 ta salwanta gaba ɗaya, ba a ba da kofin Stanley ba, abin da rabon da a gani tun 1919, shekarar annobar mura. 'Yan wasa kusan 400 suka bazama Turai neman inda za su motsa jiki su sami na cefane. Da yawansu, musamman 'yan Kanada da Amurka, ranar ce suka fara ganin cewa ashe akwai wata rayuwa a bayan tsauni. Da aka sasanta aka dawo a 2005, an sa iyakar albashin a kan Dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya, kuma tun daga lokacin manyan taurari ke kwashe kaso mafi tsoka, na tsakiya da na ƙasa su yi ta rububin abin da ya rage.

Na biyu shi ne kafa gasar KHL a Rasha a 2008, da kuɗin mai da iskar gas. Shugabanta na farko, Alexander Medvedev, babban jami'i ne a kamfanin Gazprom, kuma manyan kamfanonin gwamnati ne suka tsaya wa manyan ƙungiyoyinta. Harajin kuɗin shiga a Rasha a lokacin kashi 13 ne kacal cikin 100, alhali a wasu biranen Kanada da Amurka kusan rabin albashin babban ɗan wasa ne ke tafiya ga hukuma. A shekarar farko KHL ta nuna ba da wasa ta zo ba: Alexander Radulov ya bar Nashville da sauran shekara guda a kwantiraginsa ya koma birnin Ufa, shi kuma Jaromir Jagr, ɗaya daga cikin manyan taurarin duniya, ya bar New York ya tafi Omsk, can cikin Saberiya.

Idan aka duba da kyau, masu barin babbar gasar kashi uku ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro.

Kashi na farko su ne manyan da suka koma gida. Su Amurka ce ta kasance musu ci-rani, komai daɗinta. Pavel Datsyuk ya yi kaka 14 a Detroit, ya ci kofin Stanley sau biyu, a 2002 da 2008, mutanen garin suna son sa kamar su haɗiye shi. A 2016, da sauran shekara guda a kwantiraginsa, ya ce zai koma Rasha domin ya kasance kusa da 'yarsa da ke tasowa ba ya nan. Ya ƙarasa wasansa a Yekaterinburg, garin da aka haife shi. Shi kuwa Jagr labarinsa ya fi ban mamaki. Bayan shekara uku a Omsk ya koma NHL a 2011, ya ci gaba da wasa har ya zama na biyu a yawan maki a tarihin gasar, Wayne Gretzky ne kaɗai a gabansa. A farkon 2018 ya koma Kladno, ƙaramin garinsu kusa da birnin Prague, inda a lokacin shi ne mamallakin ƙungiyar garin, wadda ya karɓa daga hannun mahaifinsa. Ya ci gaba da shiga fili har ya haura shekara 50, kuma bai ɓoye dalili ba: yana tsoron idan ya ajiye sanda, masu ba da tallafi su janye, ƙungiyar ta durƙushe. Mu da muka ga Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars a 2021 bayan ya zaga Mosko da Leicester da Riyad, mun san irin abin da dawowar babban ɗa ke yi wa ƙungiyar gida.

Amma waɗannan ba su da yawa, sunayensu ne kawai suka cika kunne. Kashi na biyu, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne na mutanen da ke bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Lissafin a fili yake. Kowace ƙungiyar NHL 'yan wasa 23 aka yarda ta riƙe a lokaci guda, wato gurbi 736 ke nan ga duniya baki ɗaya, kuma duk shekara sai an zaɓo sababbin matasa fiye da 200 da ke jiran a matsa musu. Wanda bai sami gurbi ba sai a tura shi ƙaramar gasa da ake kira AHL, inda kowace babbar ƙungiya ke da reshe. Da yawa daga cikin irin waɗannan 'yan wasa kwantiragi mai fuska biyu suke da shi: albashi ɗaya idan kana sama, wani daban idan kana ƙasa. Mafi ƙarancin albashi a NHL a 2024 Dala 775,000 ne a shekara, amma ranar da aka sauko da kai, abin da za ka riƙa karɓa kan faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan, kuma da kwana-kwana ake lissafawa.

Mai karatu ya auna rayuwar magidanci mai shekara 28, da mata da 'ya'ya biyu, a cikin wannan hali. Yau an kira shi sama saboda wani ya ji rauni, ya kwana biyar a otal, jibi wancan ya warke an maido shi ƙasa. Kafin a saukar da wanda ya daɗe, sai an yi shelar sunansa na awa 24, duk ƙungiyar da ke so ta ɗauke shi, ba a tambayar ra'ayinsa. Mutum zai iya karyawa a Florida, a ce masa gobe ya bayyana a Winnipeg, matarsa ce za ta ji da kwashe kaya da sauya wa yara makaranta. A ƙaramar gasar kuma tafiyar bas ce ta sa'o'i, wani lokaci wasa uku a kwana uku. Sannan dokar AHL ta taƙaita yawan tsofaffin hannu da ƙungiya za ta iya sakawa a wasa guda, domin an kafa ta ne don rainon matasa. Ma'ana, gwargwadon daɗewarka, gwargwadon ƙanƙancewar wurin zamanka.

To, a ce wannan mutum wakilinsa ya kira shi ya ce wata ƙungiya a Suwizalan tana neman sa. Ƙasar nan gaba ɗayanta ba ta kai faɗin Jihar Kaduna ba. Ƙungiyoyi 14 ne a babbar gasarta, wasa 52 a kaka, maimakon fiye da 80 na NHL. Kusan duk inda aka je wasa a ranar ake dawowa, mutum ya kwana a gadonsa, da safe ya raka 'ya'yansa makaranta. A al'adar ƙungiyoyin Turai, su ke ba baƙon ɗan wasa gida da mota, su biya masa haraji, abin da aka rubuta masa shi zai shiga aljihunsa. Filin ma ya fi faɗi: na NHL mita 26 ne, galibin na Turai mita 30, kuma wannan tazarar ta mita huɗu tana rage yawan karo, ta ba mai dabara sarari, ta ƙara wa jiki shekaru. Ba kuma a kufai zai yi wasa ba, domin filin birnin Bern kaɗai yana ɗaukar mutum kusan 17,000, kuma ya yi shekaru yana gaba da kowane fili a Turai wajen cika. Wanda a Amurka yake zaman jiran wani ya karye, a can shi ne tauraron gari. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Har manyan ma wasu sun ɗanɗana sun kasa mantawa. Joe Thornton, ɗan Kanada, ya je Davos a taƙaddamar 2004, wato ɗan ƙaramin garin nan na kan tsaunuka da attajirai da shugabannin duniya ke taruwa duk Janairu. Ya ci kofin ƙasar da ƙungiyar garin, a can ya haɗu da matar da ya aura, ya koma NHL ya zama gwarzon gasar a 2006, amma da aka sake rufe filaye a 2012 Davos ya nufa, haka ma a 2020 lokacin annobar korona. Har takardar zama ɗan ƙasa ya samu. Tafiyar da ya yi don rage zaman banza ita ta ba shi iyali da gida na biyu.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma duk wanda ya ba ka labarin ci-rani bai haɗa da wahalarsa ba, dillali ne. A ranar 13 ga Oktoban 2008, watanni kaɗan da fara KHL, wani matashi ɗan shekara 19, Alexei Cherepanov, wanda New York Rangers ta riga ta zaɓa, ya yanke jiki ya faɗi a benci kusa da Jagr ana dab da tashi wasa a wani gari kusa da Mosko. Motar asibitin da ya kamata ta tsaya har ƙarshe ta riga ta bar filin. Yaron bai kwana ba. A ranar 7 ga Satumban 2011, jirgin da ya ɗauko ƙungiyar Lokomotiv ta birnin Yaroslavl zuwa Minsk don wasanta na farko a kaka ya faɗi jim kaɗan da tashi. Cikin mutum 45, ɗaya ne ya rayu. A cikin mamatan akwai Pavol Demitra na Sulobakiya, da Ruslan Salei na Belarus, da Karlis Skrastins na Latbiya, dukkansu tsofaffin 'yan NHL, da kocinsu Brad McCrimmon, ɗan Kanada, wanda watanni kaɗan kafin nan ya bar mataimakin koci a Detroit domin ya sami damar zama babban koci. Ajali ba ya tambayar ƙasa, gaskiya ne, amma binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan matuƙa da sakacin kamfanin jirgin, kuma wannan yana cikin abin da mai tafiya ya kamata ya auna.

Akwai kuma abin da mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, wato faɗuwar darajar kuɗi. Da kuɗin Rasha ake biyan albashi a KHL. A farkon 2014 Dala ɗaya ba ta wuce Rubul 35 ba, kafin ƙarshen shekarar ta haura 60. Ɗan Kanadan da ya sa hannu yana lissafin gidan da zai saya in ya koma, ya wayi gari kusan rabin guminsa ya narke, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a kwantiraginsa ba. Sai kuma watan Fabrairun 2022, da Rasha ta afka wa Yukren. Ƙungiyar Jokerit ta Helsinki da Dinamo ta Riga suka fice daga gasar, baƙin 'yan wasa da dama suka yi ta neman hanyar fita a lokacin da aka rufe sararin samaniyar Turai ga jiragen Rasha, NHL kuma ta yanke hulɗa da KHL. Har 'yan ƙasar ba su tsira ba. Ivan Fedotov, mai tsaron raga, ya sa hannu da Philadelphia a watan Mayun 2022, a farkon Yuli aka kama shi a St. Petersburg bisa zargin kauce wa aikin soja, aka tura shi sansanin sojan ruwa a can arewacin ƙasar. Sai a 2024 ya taka Philadelphia. Zamanin Mogilny da aka ɗauka ya wuce, ashe laɓewa ya yi.

Ko a ƙasashen da ke zaman lafiya, baƙo raɓa ne. Gasanni da dama a Turai suna da ƙa'idar yawan baƙi, a Suwizalan shida ne a wasa guda tun 2022. An kawo ka ne domin ka ci ƙwallo, kuma ka fi 'yan gida albashi. Ranar da ƙungiya ta sha kashi sau biyar a jere, ba ɗan gari za a fara kallo ba. Matar da ta bar aikinta da danginta ta biyo miji, ita ke wuni a gida a garin da ba ta jin harshensa. A KHL kuwa, daga Mosko zuwa Vladivostok tafiyar awa takwas ce ko fiye a jirgi, da bambancin agogo na awa bakwai, don haka wanda ya gudu daga bas ɗin Amurka bai tsira daga gajiya ba.

Ba kowa ne kuma yake tafiya da son ransa ba. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta Jihar Kogi a 1989, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Yukren, ya taso a Kiev da Toronto. Chicago ta zaɓe shi a 2007 ana yi masa kyakkyawan zato, amma wasa bakwai kacal ya buga a NHL, sauran shekarunsa ya ƙare su yana yawo tsakanin ƙananan gasanni da Suwidin da Khabarovsk, can kan iyakar Rasha da Sin. A watan Nuwamban 2019 ya fito ya bayyana cewa kocinsa a ƙaramar gasa, Bill Peters, ya taɓa jifan sa da kalmar ƙasƙanci ta wariyar launin fata. Cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikinsa na kocin Calgary. Bayan wata biyar sai ga shi ya sami aikin koci a Yekaterinburg. Hanyar da ta zama mafaka ga wanda aka zalunta, ita ce kuma ta zama mafaka ga wanda ya yi zaluncin. Inda wani ya yi rawa ya sha duka, nan wani zai yi a ba shi kuɗi.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, wato waɗanda tafiyar ta kai su har ga sauya tuta. Nigel Dawes, haifaffen Winnipeg, ya ci zinare da tawagar matasan Kanada a 2005, ya yi 'yan shekaru yana kai-kawo a NHL, a 2011 ya koma ƙungiyar Barys ta birnin Astana, daga 2016 kuma ya fara sanya rigar ƙasar Kazakistan. Dokar hukumar wasan ta duniya ta yarda da haka: wanda bai taɓa wakiltar wata ƙasa ba, shekara biyu zai yi yana wasa a sabuwar ƙasar, kuma ya sami fasfonta, wanda ya taɓa kuma shekara huɗu. Koriya ta Kudu ta yi haka kafin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu a 2018, ta ba wasu 'yan Kanada da Amurka takardar ƙasa, ciki har da mai tsaron raga Matt Dalton, wanda ya yi shekaru yana wasa a birnin Anyang. Sin ce ta kai abin maƙura a 2022. Fiye da rabin tawagarta haifaffun ƙasashen waje ne, duka daga ƙungiyar Kunlun Red Star, wadda a lokacin ma a wajen garin Mosko take zaune. Aka raɗa musu sunayen Sinanci, har da Jake Chelios, ɗan shahararren ɗan wasan Amurka Chris Chelios. Amurka ta lallasa su da ci 8 da nema a wasan farko, kuma ba su ci ko wasa ɗaya ba.

A nan ne nake raba gari da masu cewa duk tafiya tafiya ce. Wanda ya zauna a ƙasa shekaru, 'ya'yansa suka shiga makarantunta, ya san maƙwabtansa, idan ta ba shi fasfo ya ɗauki tutarta, ban ga abin zargi ba. Amma ƙasa ta yi hayar baƙi na mako biyu domin kada ta ji kunya a gaban duniya, alhali yaranta na can ba su da filin koyo, wannan ado ne da kayan aro. Ɗan wasan ya ci riba, ya ga Olamfik da a ƙasarsu ko a mafarki ba zai gani ba. Yaron Harbin da aka cire sunansa domin a ba baƙo gurbi, shi ya biya kuɗin.

Game da sauran kuwa, ra'ayina shi ne a daina kallon wanda ya bar babbar gasa a matsayin wanda ya gaza. Sana'ar ɗan wasa gajera ce, jikinsa shi ne jarinsa, kuma jarin nan kullum raguwa yake. Mutumin da ya zauna ya lissafa shekarun da suka rage masa, ya dubi matarsa da 'ya'yansa, ya zaɓi wurin da za a biya shi a kan lokaci kuma ya kwana a gida, ya fi mini wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ƙofa domin kawai a ce yana NHL. Abin da ya raba waɗanda suka ji daɗin tafiyar da waɗanda suka dawo da cizon yatsa shi ne tambayoyin da suka yi kafin su hau jirgi: da wane kuɗi za a biya ni, wa zai yi hukunci idan aka hana ni haƙƙina, wane asibiti za a kai ni idan na faɗi, kuma ta wace ƙofa zan fita idan gari ya rikice? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kansa Kovalchuk da muka fara da shi, ya ci kofin KHL sau biyu da SKA, ya ci zinaren Olamfik a 2018, amma da ya koma NHL a shekarar yana da shekara 35, sai ya tarar da wasan ya ƙara sauri ya bar shi. Los Angeles ta raba gari da shi kafin kwantiraginsa ya kai rabi, ya ɗan taɓa Montreal da Washington, ya sake komawa gida. Kowa ya bar wuri, wurin ba ya zama jiran sa.

Tambayoyin nan huɗu ba na masu sulɓi a ƙanƙara ba ne su kaɗai. Duk uban da wani dillali ya zo masa da takarda ya ce zai kai ɗansa buga ƙwallo a wata ƙasa da ko sunanta bai iya faɗa ba, ya zaunar da shi ya yi masa su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya sa hannu sai ya ji amsa. Idan mutanen da ke da lauyoyi da ƙungiyar ƙwadago da miliyoyin Daloli sun iya faɗawa rami, ina ga yaron da ya bar gida da jaka ɗaya da lambar waya?

Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya sa su dawo da abin arziki. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.